Wa zai kashe wutar biro idan an tashi aiki?

Ɗan_Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina neman shawararku, musamman waɗanda suka daɗe a aikin gwamnati. Wata huɗu ke nan da aka ɗora mini kula da gini da kayan aiki a ma'aikatarmu a nan Maraɗi. Ranar Asabar da ta wuce na koma biro da hantsi don ɗauko wata takarda da na manta, sai na tarar da kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, tana aiki a ɗakuna uku da ke kulle, fitilun baranda duka a kunne da rana tsaka, fankokin zauren taro kuma suna ta juyawa babu kowa a ƙarƙashinsu. Mun tashi aiki ranar Juma'a da ƙarfe ɗaya, kuma ba mai sake buɗe ƙofofin nan sai Litinin da ƙarfe takwas, wato awa 67 ke nan. A daren Juma'ar kuwa unguwarmu a duhu ta kwana, yarana a tsakar gida suka kwanta saboda zafi, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Na riga na liƙa takardu a bakin kowace ƙofa ina roƙon a kashe wuta kafin a fita. An kula da su mako biyu, daga nan ido ya saba da su, ba mai sake karantawa. Ba ni da ikon hukunta kowa, kuma yawancin masu ɗakunan sun girme ni a shekaru da muƙami. Ta wace hanya ake sa ma'aikaci ya damu da wutar da ba shi ke biyan kuɗinta ba?

Tsohon_Akanta:
Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da lissafin kuɗi a ma'aikatu daban-daban kafin in yi ritaya, kuma a mafi yawan wuraren da na zauna, faktir, wato takardar kuɗin wuta, bai taɓa biyowa ta teburin masu shan wutar ba. Can sama ake haɗa shi a biya, har shugaban ma'aikata ma sau da yawa bai san nawa gininsa ya ci a wata ba. Mutumin da yake bin yara a gidansa yana faɗa saboda ƙwan fitila ɗaya, shi ne dai yake fita ya bar kilim a biro, domin a gida yana ganin takarda a ƙarshen wata, a biro kuwa ba ya ganin komai.

Saboda haka kafin ka sake liƙa wata takarda, ka nemi inda kontar ɗinku, wato ma'aunin wutar da kuke sha, yake. Ka karanta lambarsa ranar Juma'a lokacin tashi, ka sake karantawa Litinin da safe kafin kowa ya iso, ka rubuta a littafi guda da kwanan wata. Abin da ke tsakanin lambobin biyu shi ne wutar da ginin ya sha alhali babu kowa a ciki. Idan ka tara na mako huɗu ka shiga da littafin wurin shugabanku cikin ladabi. Gani ya kori ji.

Mai_Gyaran_Sanyi:
Abin da Baba ya faɗa daidai ne, amma ina so in ƙara wani abu daga sana'ata, don ina shiga ma'aikatu da yawa gyaran kilim da firigo. Malam Ɗan_Bagalam, ka bincika ko an ɗauke wuta ranar Juma'ar nan kafin a tashi. Sau da yawa abin da ke faruwa ke nan: wuta ta tafi da ƙarfe sha biyu, ɗaki ya yi tsit, mutum ya ɗauki jakarsa ya tafi masallaci, bai ga abin kashewa ba tunda babu abin da ke motsi. Makunnin fitila da na fanka suna nan yadda ya bar su, yawancin kilim na yanzu kuma an ƙera su ne su tashi da kansu idan wuta ta dawo. Sai ta dawo da la'asar ko da dare, komai ya kama aiki a bayan ƙofa kulle. Wannan mutumin idan ka ce masa ya bar kilim a kunne zai iya rantsewa bai bari ba, kuma a saninsa gaskiya ya faɗa.

Ga kuma lissafi don a san inda nauyin yake. Kilim mai doki ɗaya da rabi tana jan wat 1,200 ko kusa da haka, fankar sama tana jan kamar wat 70, ƙwan LED na ɗaki kuma wat 9. Ke nan kilim ɗaya daidai take da fanka 17, ko ƙwai sama da 130. A awa 67 ɗin da ka ambata, ko da rabin lokacin kawai injinta ya yi yana aiki, ta sha kilowat-awa 40. Idan muka ƙaddara kowane ɗaya a kan dala 20 don sauƙin lissafi, jika 4 ke nan a ɗaki ɗaya, jika 12 a ɗakuna ukun, a hutun ƙarshen mako ɗaya tak. Wanda ya zuba ƙarfinsa a kan fitilu ya bar kilim ya kama reshe ne ya bar tushe.

Bamadarunfe:
Ni ban gamsu da yadda aka ɗauko zancen ba. Kullum idan aka tashi maganar tattali, ƙaramin ma'aikaci ake fara dubawa, shi da ɗakinsu mutum biyar ne a ƙarƙashin fanka ɗaya. Ɗakunan da ke da kilim da firigo da talabijin kowa ya san na su wane ne. Sannan matsalar ƙasar nan ƙarancin wuta ce, maganinta kuwa gina tashoshi. An yi ta hasken rana a Goru Banda, ana jiran madatsar ruwa ta Kandaji, idan waɗannan suka wadata ba wanda zai tsaya ƙirga fanka.

Injiniya_Gazawa:
Malam Bamadarunfe, maganarka ta farko tana da ƙarfi, ta biyun ce ke bukatar gyara. Tashar Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a ƙarshen 2023 yankin Yamai take ciyarwa. Mu nan Maraɗi da Damagaram da Tawa wani layin ne daban yake ɗauke da mu, wanda ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa da ƙarfin kilobolt 132, daga nan ya rabu. A ɓangarenmu akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, da injinan kamfanin wuta na ƙasa, NIGELEC, masu shan mai da ake tayarwa don cike giɓi. Kowa a zauren nan ya tuna farkon watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar bayan takunkumin CEDEAO, a sa'ilin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga can take zuwa. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, amma watannin nan sun nuna mana cewa abin da ke cikin waya ƙayyadadde ne, idan wani ya sha fiye da bukatarsa dole a rage wa wani.

Gina tasha kuma yana cin shekaru da kuɗi masu yawa, alhali tattali a mako ɗaya ake fara ganin amfaninsa. A 2007, da Gana ta shiga matsalar wuta, gwamnatinta ta raba ƙwayayen fitila masu tattali miliyan 6 kyauta aka musanya tsofaffin, nauyin da ke kan layinsu a lokacin cunkoso ya ragu da megawat 124. Madatsar Kandaji megawat 130 aka tsara za ta bayar. Ka ga sauya ƙwai kawai ya ba su kusan abin da muke jira daga madatsa guda. Ban ce a fasa gina tasha ba, ina cewa dai biyun tare suke tafiya.

Malama_Zariya:
Ni sakatariya ce, shekarata goma sha ɗaya a kan wannan kujera, kuma ina roƙon a saurari ɓangarenmu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin da nake zaune rufin kwano ne, silinsa ya ɓule, ga na'urar kwafi tana fitar da nata zafin. Duk wanda ya zo mini da maganar rage sanyi a irin wannan lokaci ba zan ji shi da kunnen basira ba, ko da gaskiya ya faɗa. Akwai kuma abokan aikinmu da ke zama bayan an tashi, musamman a shekarun da azumi ya faɗo cikin zafi, saboda gidajensu babu wuta ko babu abin sanyi, su jira la'asar ta yi sanyi su tafi. Ban ga laifinsu ba, kuma duk tsarin da zai fara da korarsu ba zai samu goyon bayan kowa ba. Abin da na ga ya fi shi ne a ware ɗaki ɗaya mai kilim ga duk mai son zama, a kashe sauran.

Game da ɗakunan manya kuma, Malam Bamadarunfe bai yi ƙarya ba. Maigidana yakan fita taro da ƙarfe tara ya ce yanzu zai dawo, wani lokaci sai gobe. Makullin yana aljihunsa, kuma ko da yana hannuna ba zan shiga in kashe masa kilim ba tare da ya ba ni izini da bakinsa ba.

Mai_Gadin_Dare:
Ina gaishe da manyana. Ni ne nake kwana da waɗannan gine-gine, don haka na fi kowa sanin ɗakin da aka bari a kunne, tunda injin kilim a waje yake kuma da dare ƙararsa ba ta ɓuya. Abin da ba ni da shi makulli ne da izini. Akwai daren da abin ya dame ni na je na sauke babban makunnin ginin gaba ɗaya, da niyyar alheri, ashe akwai firigo a wani ɗaki da aka ajiye kayan aiki a ciki. Da safe aka yi mini faɗan da har yau ban manta ba, tun daga ranar kuma ko me na ji yana ƙara ba na taɓawa. Idan ana son mu taimaka, a nuna mana abin da za mu kashe da wanda ba za mu taɓa ba, kuma shugaba ya faɗa a gaban kowa cewa shi ya sa mu.

Unguwarzoma_Tasawa:
Labarin Baba mai gadi ya sa dole in sa baki. Don Allah duk wanda zai kai wannan shawara gidan likita ko wurin da ake ajiye magani ya yi hattara. Allurar rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye yawancinta dare da rana, idan ta yi zafi ta lalace ba lallai ne a gane ta da ido ba, sai a yi wa yaro a ɗauka an kare shi alhali ba a kare shi ba. Haka jini da wasu kayan gwaji. Asarar firigo ɗaya na rigakafi ta fi kuɗin wutar da za a tattala a wata da yawa.

Injiniya_Gazawa:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma maganin wannan da na Baba mai gadi guda ne. A kira mai aikin wuta ya duba allon makunnan ginin, ya raba layukan: na kilim daban, na fitilu da fankoki daban, na abubuwan da ba a kashewa daban, wato firigon magani, da ɗakin manyan kwamfutoci masu riƙe bayanai, da fitilun tsaro na waje. A shafa wa na ƙarshen jan fenti, sauran a rubuta sunan kowane a jikinsa. Daga nan mai gadi ba ya bukatar makullin ɗakin kowa, da ƙarfe shida ya sauke layin kilim daga waje, da safe ya mayar. A gine-gine da yawa kilim dama tana da nata makunnin, rubutun ne kawai babu. Wannan ya kuma warware abin da Mai_Gyaran_Sanyi ya faɗa na dawowar wuta da dare, har ma yana kare na'urorin, domin wutar da ta dawo da ƙarfi ita ce ke yawan ƙona su.

Almajirin_Limanci:
Ƴan'uwa sun yi bayanin waya da lissafi, ni zan taɓo zuciya, don tambayar farko a kanta take. Kalmar da ta yi mana illa ita ce "kayan gwamnati", wadda a kunnen mutane da yawa take nufin abin da ba shi da mai shi. Alhali dukiyar baitulmali ta fi ta mutum ɗaya nauyi, domin idan ka ci haƙƙin mutum ɗaya ka san ƙofar da za ka je neman yafiya, na jama'a kuwa har da maraya da matar da ta biya harajin tebur a kasuwa. Alƙur'ani a Suratul Isra'i ya kira masu almubazzaranci ƴan'uwan shaiɗanu. Malaman tarihi kuma sun kawo cewa Halifa Umar ɗan Abdul'aziz yakan yi aikin jama'a da fitilar baitulmali, idan baƙo ya juya zance zuwa lamarin gidansa sai ya kashe ta ya kunna tasa. Kusan kowace ma'aikata tana da wurin salla da wanda ke jan ta. Minti biyu bayan azahar, sau ɗaya a wata, a tuna wa mutane cewa makunnin nan amana ne, ba tare da an ambaci sunan kowa ba. Na ga inda hakan ya yi tasiri fiye da takardar gargaɗi.

Magini_Sabon_Gari:
Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ana ta maganar halin ma'aikata, ba a duba irin ginin da aka zuba su a ciki ba. Bulon siminti siriri, kwano a sama ba tare da wani abu tsakaninsa da sili ba, manyan tagogin gilas suna kallon yamma, harabar kuma an share itatuwa an malale da siminti don ajiye motoci. Irin wannan ɗaki tanda ne, dole mai zama cikinsa ya nemi sanyi ko ta halin ƙaƙa. Iyayenmu da suka yi soro da katanga mai kauri sun san abin da suke yi, zafin rana ba ya ratsa ta sai dare ya yi. Ko fasahar gini ba katako da aka yaɗa a ƙasar nan tun shekarun 1980, mai rufi kamar kubba na tubalin ƙasa, ta nuna ana iya yin biro mai sanyi da kayan gida.

Ginin da aka riga aka yi ma ana iya sauƙaƙa masa. A shafa wa kwano farin fenti, a toshe silin da ya ɓule kamar na Malama_Zariya, a yi wa tagogin yamma rumfa ko a rataya asabari ta waje, domin labulen ciki ba ya hana zafin da ya riga ya ratso gilas. Ranar 3 ga Agusta kuma, ranar bikin dashen itatuwa, maimakon a kai dashen itatuwa wani fili a manta da su, kowace ma'aikata ta dasa bedi a gefen yammacin gininta ta ɗora wa mutum ɗaya ban ruwa.

Ɗaliba_Ali_Ɗan_Sofo:
Ina gaishe da iyayena da yayyena. Maganar Malam magini ta tuna mini da abin da Japan ta yi a 2005. Gwamnatinsu ta ce a saita sanyin ma'aikatunta a digiri 28 a lokacin zafi, amma ta haɗa da sassauta tufafi, aka bar kwat da ɗaurin wuya, kuma ministoci da firaminista su suka fara fitowa a haka don ƙananan ma'aikata su samu ƙwarin gwiwa. A Faransa ma dokarsu ta ce kada a kunna kilim sai zafin ɗaki ya wuce digiri 26. Mu da muke da kaftani da yadi marar nauyi ba mu ma da wahalar da suka sha wajen sauya sutura. Abin da nake gani idan na je neman takarda shi ne ɗaki a digiri 16, mai ɗakin kuma da rigar sanyi a rataye a bayan kujera.

Mai_Gyaran_Sanyi:
Ƙanwata ta taɓo abin da na fi shan wahalar bayyanawa. Mutane sun ɗauka idan suka sa 16 ɗakin zai fi saurin yin sanyi. A irin kilim da ta fi yawa a ma'aikatunmu injin gudunsa ɗaya ne, lambar tana gaya masa lokacin da zai tsaya ya huta ne kawai. A zafin Maraɗi ɗaki ba zai taɓa sauka 16 ba, don haka injin ba ya hutawa tun safe har yamma, ya sha wuta, ya kuma mutu da wuri. A sa 25 ko 26 a haɗa da fanka, jiki zai ji daɗi, injin kuma ya riƙa tsayawa.

Sai maganar ƙura. Bayan hunturu ragar da ke tace iska takan toshe har ta zama kamar bargo, injin waje ma haka. Mai ɗaki ya ji sanyi ya ragu sai ya ƙara sauke lamba, alhali wanki take so. Ragar ciki kowa na iya zare ta ya wanke da ruwa a minti goma, kuma a nan ya kamata a yi haka duk mako biyu. Na waje a kira mu sau ɗaya kafin bazara. A rufe ƙofa da taga kuma idan tana aiki, don na sha shiga ɗakin da kilim ke aiki ƙofa a wangale saboda masu shige da fice.

Bamadarunfe:
Na karɓi gyaran Injiniya a kan layin wuta, na gode. Amma ina nan a kan bakana game da manya, kuma misalin Japan ma ni ya goya wa baya, tunda daga sama aka fara. Ina da ƙarin tambaya ga Baba akanta. A ce ma'aikata sun daure sun rage wuta da kashi ɗaya cikin huɗu, me zai dawo musu? Idan kuɗin can sama zai tsaya, mu kuma mu ci gaba da sayen takarda da alƙalami daga aljihunmu, wannan himma ba za ta wuce wata uku ba. A ce rabin abin da aka tattala zai dawo a gyara makewayi ko a sayi fanka, ka ga kowa zai zama mai gadi.

Akwai kuma gurup, wato injin ba da wuta mai shan mai, da ba wanda ya ambata. A wurinmu idan wuta ta tafi ana tayar da babban gurup saboda ɗaki biyu ko uku, wani lokaci don kilim kaɗai.

Tsohon_Akanta:
Tambayarka mai kyau ce, kuma ba zan ɓoye maka wahalarta ba. Kuɗin gwamnati kowane da layinsa a kasafi, wanda aka ware don wuta ba shugaban ma'aikata ne zai juya shi zuwa gyaran makewayi da ra'ayinsa ba, sai an yi tsari daga sama. Inda abin ya fi sauƙi shi ne wuraren da ke biyan faktir da kansu daga kuɗin shigarsu, kamar ma'aikatun magajin gari, domin a can ana iya yanke shawarar inda rarar za ta tafi. Gazuwal ɗin da gurup ke sha kuwa ya fi kusa da hannu, don sau da yawa daga kuɗin tafiyar da ma'aikata ake sayensa, duk litar da ba a ƙona ba tana nan a gida. Lita ɗaya kimanin kilowat-awa 3 take bayarwa idan gurup yana ɗauke da kaya daidai ƙarfinsa, idan kuwa babba ne yana jan ɗaki biyu, abin da take bayarwa bai kai haka ba. Ɗana Ɗan_Bagalam, ka buɗe wa gurup nasa shafin a littafin nan: lokacin da aka tayar, lokacin da aka kashe, lita nawa aka zuba. Wannan shafin yakan tono abubuwan da ba a zata ba, don haka ka sanar da shugabanku kafin ka fara, kada ka tsinci kanka kai kaɗai.

Ɗaliba_Ali_Ɗan_Sofo:
Me zai hana a riƙa liƙa sunayen waɗanda suka bar ɗakinsu a kunne a allon sanarwa kowace Litinin? Ina ganin kunya za ta sa a gyara da sauri.

Malama_Zariya:
A'a ƙanwata, wannan zai ɓata aikin tun ranar farko. Dattijon da ya haifi kamarki ba za a rataye sunansa a bango ya yafe ba, kuma wanda zai sha fushin shi ne Malam Ɗan_Bagalam da mai gadi. Sannan sunan babba ba zai taɓa hawa allon ba, kowa kuma zai lura da haka. Idan za a liƙa wani abu, a liƙa lambar kontar ta ginin gaba ɗaya, ta wannan mako kusa da ta makon jiya, abin ya zama namu duka. Wanda ya yi sakaci a same shi a keɓe. Wanda ya kiyaye kuma shugaba ya ambace shi a taro, musamman masu shara da masinja da masu gadi, waɗanda su ne ke fara shiga su ne ke ƙarshen fita amma ba a taɓa gode musu a bainar jama'a. Ni dai yau na sami maigidana na tambaye shi ko ya yarda in riƙa kashe masa kilim idan ya wuce rabin awa bai dawo ba, ya ce ai da tuni na tambaya, ya ba ni makulli na biyu.

Ɗan_Bagalam:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Baba na je neman kontar, na kuma tambayi mai gadinmu, ya tabbatar mini an ɗauke wuta ranar Juma'ar nan wajen sha biyu da rabi, kamar yadda Mai_Gyaran_Sanyi ya zata. Na ji kunyar zargin da na yi wa mutane a zuciyata. Shugabanmu ya amince a kira mai aikin wuta ya duba allon makunnai, ya kuma ce zai yi magana da kansa a taron Litinin.

Sai dai na ci karo da wata sabuwa. Kontar ɗin ba namu ne mu kaɗai ba. Wata ma'aikata da muke haraba ɗaya da ita a kansa take, haka gidan da ke bayan ginin, akwai kuma wata waya da ta tsallaka katanga wadda har yanzu ban gano inda ta nufa ba. Ke nan lambar da zan karanta ranar Litinin ba ta mutanenmu ce kaɗai ba, kuma ina tsoron in liƙa ta a ce na ɗora musu abin da ba su sha ba.

Injiniya_Gazawa:
Akwai ƙaramin kontar da ake ɗaurawa a cikin allon makunnai don auna reshe ɗaya kawai, masu gidajen haya suna amfani da shi, kuma ana samunsa wurin masu sayar da kayan wuta. Tunda mai aikin wuta zai zo, ya ɗaura ɗaya a kan layin da ya shiga gininku, sai ka riƙa karanta shi maimakon babban. Idan ka cire lambarsa daga ta babban kuma za ka san abin da sauran ke sha.

Tsohon_Akanta:
Ƙaramin kontar ɗin ka nema, amma wayar da ta tsallaka katanga kada ka taɓa ta kuma kada ka bi ta kai kaɗai. Ka rubuta abin da ka gani a takarda mai kwanan wata ka miƙa wa shugabanku, ka riƙe kwafi. Wataƙila wani shugaba ne da ya gabata ya ba masallaci ko makaranta izini da baki, wataƙila kuma ba haka ba ne, kuma wanda zai yanke hukunci a kai ba kai ba ne.

Bamadarunfe:
Idan an gano inda wayar ta nufa a dawo a gaya mana, domin a harabarmu ma akwai irinta guda biyu, kuma tun zuwana na tarar da su.